Kazar da na ƙi bari ta yi mushe

Ke mai kiwon kaji a tsakar gida, ajiye abin da kike yi ki karanta. Kai ma maigida, da ake miƙa wa wuƙa idan kaza ta fara layi, da kai nake.

Wata uku ke nan ba ku ji ɗuriyata ba. Ba fushi na yi ba. Kwance nake.

Wanda ya san ni a Arlit ya san ba na wasa da abinci. A garin da ko albasa sai kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo ta daga kudu, ban taɓa barin yaro ya zubar da loma ba. Wannan halin ne ya kusa kai ni kabari.

Na sayi kaji shida wajen wani ɗan kasuwa da ya zo da su daga kudu, na haɗa da nawa. Ba a yi mako ba suka fara zama shiru, fukafukai a sake, zanko ya yi baƙi. Biyu suka mutu da safiya ɗaya.

Na ce ba za a ƙara yi mini asara ba. Duk wadda ta sunkuyar da kai, sai in kira maigidana: "Malam, yi sauri ka yanka kafin ta yi mushe." Shi ya yanka, ni in fige in gyara. Haka na tashi na ga ana yi a gidanmu a Damagaram.

A makon ne babbar ƴata ta haihu a Cirozerin. Na zaɓi kaji uku masu kuzari, na aika mata da su da ransu don farfesun jego.

Sai ma'aikatan lafiyar dabbobi suka shigo unguwarmu gida-gida, suna tambayar ko kaji na mutuwa. An ce murar tsuntsaye ce ta ɓulla, kuma duk gidan da aka same ta, kashe kajin ake yi. Wata matashiya daga cikinsu ta yi mini sallama. Na tare bakin ƙofa na ce, "Namu lafiya lau."

Ni da nake hana ƴaƴana ƙarya tun suna goye.

Bayan kwana huɗu zazzaɓi ya rufe ni, ga tari. Na ce tarin Arlit ne, wanda kowa ke ɗora wa ƙurar ma'adini. Ranar da na kasa idar da Fatiha sai da na tsaya neman numfashi, Malam ya ɗauke ni zuwa asibiti.

Gwajin zazzaɓin sauro bai nuna komai ba. Hoton ƙirji kuwa, likita ya daɗe yana kallonsa. Aka sa mini oksijan, aka ɗaura ƙarin ruwa.

Likitan ya ce, "Hajiya, kina kiwon kaji?"

Na kau da kai.

Malam ya ce, "Faɗa masa, Saude. Ni na yanka, ke kika fige."

Nan take aka mai da ni ɗaki ni kaɗai. Duk mai shigowa da takunkumi da safar hannu. Suka zura mini tsinken auduga a hanci da maƙogwaro, suka ce Yamai za a kai. Malam ma sai ta taga yake ganina, ana auna zafin jikinsa kullum.

Washegari matashiyar nan da na yi wa ƙarya ta zo ta tsaya kusa da shi a bakin tagar.

Ta ce, "Inna, ba faɗa na zo yi ba. Sawun cutar muke bi. Daga ina kajin suka zo, kuma ina suka tafi?"

Ina suka tafi. Sai a lokacin na tuna ukun nan. Jikata kwananta goma sha biyu a duniya.

Tsoron da na ji da numfashina ke yankewa bai kai rabin wannan ba.

Malam ya kira salular ƴata, ya kara a jikin taga.

Ta ce, "Inna, ɗaya ta mutu jiya. Biyun ma sun yi laushi. Surukata ta ɗora ruwan zafi, yanzu za a yanka."

Na janye robar oksijan na ce, "Ki ce ta sauke ruwan. Kada kowa ya taɓa su. Ɗauki jaririyar ki shige ɗaki."

"Inna, ta yaya zan ce mata haka? Kyautarki ce fa."

"Ba ta salular."

Matar da ban taɓa haɗa ido da ita ba don kunya, na gaya mata da bakina cewa cuta na aika gidanta. Ta ce, "Na sauke."

Ma'aikata suka je can suka kwashe kajin, suka yi feshi. Kwana goma ana auna zafin jikin kowa a gidan. Kowace safiya, kafin a auna nawa, na jaririyar nake tambaya.

Ba wanda ya kamu.

Gwajin kajina ya nuna murar tsuntsaye ce. Nawa bai nuna ba. Likita ya ce, "Ko an ɗauka a makare ne, ko wani ciwon huhu ne. Ba zan faɗa miki abin da ban tabbatar ba." Kwanana goma sha bakwai a gadon nan. Abin da magani ya ci ya ninka kuɗin kajin da na yi ƙarya a kansu.

Na gode wa Allah da ya bar ni, ya bar mini jikata. Na gode wa likitoci, da Malam da ya tona ni, da yarinyar da ta ce mini Inna bayan na kore ta daga ƙofata.

Idan suka zo ƙofarku, ku faɗa musu inda kuka sayo da inda kuka aika. Ba ku san gidan wa ke gaba ba.

A gidana kuwa na kafa doka, kuma Malam ya ji. Sabuwar kaza sai ta yi mako biyu a keɓe. Wadda ta sunkuyar da kai, ba wuƙa, ba ruwan zafi, ba mai taɓa ta. A kira likitan dabbobi. In ta mutu kafin ya zo, ta mutu. Mushen kaza bai taɓa sa ni zaman makoki ba.