Dattijon da Ya Zo Sayen Gambus

A shagon Wak Kasman mai sassaƙa gambus, wani irin molo, a garin Batu Pahat, wani dattijo yana zaune rungume da molon, kamar wanda aka miƙa wa jaririn maƙwabta. Bayan gambus ɗin a kumbure yake, sai zamewa yake daga cinyarsa, shi kuma yana tarowa. Rigarsa a goge take, amma hannuwansa na wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a injin yanka katako ne. Da alama injin bai bar masa kunne ba.

"Baba, jika za a saya wa?" in ji Wak Kasman.

"Me ka ce?"

"Na ce wa zai koya!"

"Ni mana. Tun ina saurayi nake cewa sai na huta da aiki. To, ga shi na huta."

Wak Kasman ya sosa ƙeya. "Baba, wannan fa ba jita ba ce. Wuyansa sumul yake, babu alamar inda ake ɗora yatsa. Kunne ke yi wa yatsa jagora."

Dattijon ya gyaɗa kai. Ya taɓa tsirkiya, ya karkata yana jira. Ya sake taɓawa da ƙarfi. Can sai ya sunkuya, ya manna muƙamuƙinsa a jikin katakon, ya lumshe ido, ya daɗe a haka.

"Kai da ka ji," ya ce, "muryarsa da daɗi?"

"Da daɗi, Baba."

"Haka na zata."

Ya goge inda fuskarsa ta taɓa da gefen riga, ya miƙa wa mai shagon da hannu biyu.