Ƙyallayen da Na Ƙona

Baba bai yi karatu ba, amma ya shekara da shekaru yana jan a-kori-kurarsa, yana kai gyaɗa da awaki kasuwar Bici. Da ta tsufa ta tsaya, shi da kansa ya kwance injinta, ya zuba ƙarafan a buhuna cikin rumbun da muka daina sa hatsi. Nan kuma ya haɗa da na tsohon injin niƙanmu da na injin ban-ruwa.

Bara ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Duk sanda aka fito da shi zaure, motar yake kallo a gindin ɗorawa. Wata rana na ce, "Baba, so kake ka ji ta tashi?" Ya matse hannuna har sai da na ji zafi. Na ce masa zai ji. Ni kuwa in na yi alkawari, ko abinci ba ya yi mini daɗi sai na cika.

Na zazzage buhunan a kan tabarma. Kusan kowane ƙarfe da ƙyalle ɗaure a jikinsa, duk sun yi baƙi ƙirin da mai da kashin ɓera. Kunya ta kama ni, kada bakanike ya zo ya ga wannan ƙazanta. Na sa reza na yanke su duka, na ƙona, na wanke ƙarafan da kananzir, na jera su bisa girmansu.

Inna ta dawo daga gidan suna ta tsaya a kaina.

"Ina tsummokaran?"

"Na ƙona, Inna."

Ta dafe kai. "Kai ɗan nan! Ba ka ga yadda nake ɗaura wa kajina zare a fiffike don kada su shige cikin na maƙwabta ba? Haka ya yi. Ja na mota, shuɗi na niƙa, fari na ban-ruwa. Da ka kwance ƙulli ɗaya da ka ga launin. Zannuwana ya yaga, har faɗa muka yi."

Na je na tona tokar da hannuna. Ban san abin da nake nema ba.

Bakaniken da na ɗauko daga Bici ya zagaya tabarmar sau biyu.

"Malam, gyara ka kira ni ko gwanjo?"

Ya ware kafireta da famfon mai da waɗanda ya sani. Sauran sun cika ƙwarya biyu. Ya ɗaga wani mai haƙora ya ce, "Motar nan ta girme ni. In na ɗaura wannan, ko ta tashi ko ta niƙa maka dawa." Ya yi dariya.

Saura Baba kaɗai. Na ajiye kwano uku a gabansa, ina sa masa ƙarfe a hannunsa mai lafiya, ya shafa, ya tura wa kwanon da ya dace. Huɗu ko biyar yake yi ya gaji. Tsoro ya sa na riƙa maimaita masa wanda ya riga ya ware, in ga ko zai sauya kwano. Sau biyu ya sauya. Inna ta ce, "Ka bar bawan Allah ya huta." Ni kuma ina ganin yadda yake ramewa, ban bari ba.

Bayan an yanke gero bakaniken ya haɗa injin motar da ƙarafan da aka ware, muka gwada. Maƙwabta suka tura ta a kan burtali. Ta yi tari, ta fesa hayaƙi, ta mutu. Sau uku haka. Baba ya ɗaga hannu daga zaure yana murza yatsu kamar mai ɗaure noti. Na ruga da ƙwaryar sauran ƙarafan, ina miƙa masa ɗaya bayan ɗaya, yana turewa, har hannun ya faɗi don gajiya.

Kwana tara bayan nan ya rasu. Inna ta ce ai ya ji tarinta, wannan ma ya isa. Ni dai ba tari na yi masa alkawari ba.