Baffa Joda a Bakin Lungun Kara

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 26 ga Mayu, 1948, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Baffa Joda, jagoran fataken shanu, a kasuwar kara ta Potiskum. Shanu ne suka tattake shi, a gaban idona.

Baffa, ni malamin elemantare ne, kai kuwa ka sha kora garke a ƙafa har Kurmi. Da na roƙe ka ka zo ka ba ɗalibaina labarin ƙasashe, cewa ka yi, cikin wasan Fulani da Barebari, "Babarbare bawana, fito da su waje tukuna. Ka kulle 'ya'yan mutane a ɗaki kamar kaji!"

A gindin tsamiya ka koya musu kallon hasken rana. Ka ce ranar bakin Chadi fara ce fat, tana dukan ruwa ta dawo ta soki ido. Ta Kurmi sai ta ratso ganye ta iso ƙasa kore-kore, ko riga ba ta busarwa. Tamu ta kaka kuwa ja ce da yamma, kamar dawa ta nuna. Yara suka yi ta musu wai ai rana ɗaya ce. Ka yi dariya, ka raba musu dabino, ka ce su girma su je su gani.

Ran Larabar nan muna dawowa daga sharar gonar makaranta, ni da yaran, muka shiga lungun da ke bayan kara. Iska ta tsaya cak. Haske ya rikiɗe ya koma ruwan ɗorawa, har farar riga ta yi kamar an rina ta, gabas kuma ta yi baƙi ƙirin. Na ji muryarka kana kiran ɗanka: "Sajo! Ku ɗaure bijimai! A bar cinikin nan!" Dillalai ba su ko waiwayo ba.

Sai aradu ta faɗi. Igiyoyi suka tsintsinke, shinge ya karye, garke ya nufo lungunmu, ƙasa tana girgiza. Bango dama, bango hagu, yara suna ihu. Ka rugo ka tsaya a bakin lungun da sandarka. Ka maka wa bijimin gaba ita a hanci, ya kauce. Na bayansa ya soke ka ƙarƙashin haƙarƙari, ya ɗaga ka, ya fyaɗa da ƙasa. Saura suka bi ta kanka. Na ji karyewar ƙashi. Amma garken ya riga ya karkata daga lungun, ya yi fili.

Da muka ɗago ka, jini na zuba ta baki da hanci, ruwan farko na bana yana dukan fuskarka. Kalmar shahada kawai ka iya yi.

Washegari manoma suka ajiye iri da sungumi, ga ƙasa ta jiƙu, suka raka ka makwancinka.

Allah ya jiƙanka, Baffa, ya yafe kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Inna Hajaratu uwargidan Baffa, Sajo, da dukkan zuriya, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Iyayen ɗalibaina sun ce in gaya muku, a daren nan babu gidan da aka nemi yaro aka rasa.