Wa Ya Kama Ki?

Shekarun baya, cikin farin nan da ya kwaso mutanen ƙauye ya zube su a Yamai, ina ajin ƙarshe na kwaleji, jarrabawa na gabana. Soja ke mulki. A gidanmu ko tsadar hatsi za a yi magana sai mahaifiyata ta leƙa ƙofa tukuna, don mahaifina direba ne a wata ma'aikatar gwamnati, kuma albashinsa kaɗai muke ci.

Malamin da ke koya mana tarihi, Mushe muke ce masa, ya gaji da gyangyaɗinmu, sai ya ce darasin bayin da aka ƙetare teku da su ba karanta shi za mu yi ba, wasansa za mu yi. Ya zana cikin jirgin ruwa da alli a daɓen aji, ya sa muka kwanta a ciki kafaɗa da kafaɗa, ba mai motsi. Da fari dariya muke. Da zafi ya dafa mu, ga gwiwar wata a haƙarƙarina, dariya ta ƙare. Ƙawata, ƴar wani jandarma, ita aka ba igiya ta zama mai jan bayi.

"Tashi, baiwata," in ji ta, "yau wankina ya samu mai yi."

"Ke dai ja a hankali," na ce, "ba akuyar gidanku ba ce."

Sai Mushe ya ajiye kujera a tsakiya, ya ce baiwa ɗaya ta zauna, aji su yi mata tambayoyi, ta amsa da duk abin da ya zo bakinta. Ni sarauniyar son a gani, na riga kowa. Aka tambaye ni garinmu, aka tambaye ni wa na baro. Can wani daga baya ya ce, "Wa ya kama ki?"

To, a makon nan na je cefane kasuwar Pati Marshe, na ga ana loda mutanen da yunwa ta koro a kamiyo, babbar motar kaya, za a fitar da su daga gari. Shi ne ya faɗo mini. Na ce, "Masu bindiga. Sun ce za a kai mu inda ake rabon hatsi, muka hau da ƙafarmu."

Mushe bai dube ni ba, taga ya duba. "A wancan zamanin take nufi," ya ce da ƙarfi, "can bakin teku." Sannan ya sa ƙafa ya goge jirgin.

Bayan kwana kaɗan ya daina zuwa. Ba wanda ya tambaya. Kowa ya koma kallon kowa ta gefen ido: mai gadi, mai ƙosan bakin ƙofa, yaron da ya yi tambayar. Da na gaya wa mahaifiyata, sai ta dafa ƙirji. "Da ƴar jandarma kike cin kwano ɗaya? So kike ubanki ya koma Saga yana dashen shinkafar wasu?"

Ranar da maza biyu suka shigo ajinmu tare da shugaban makaranta, ɗayansu ya ce a hankali, "Wace ce ta zauna a kujerar?" Gidanmu kawai nake gani ba tukunya a wuta. Sai na ji benci ya motsa kusa da ni.

"Ni ce," in ji ƙawata. "Wasa ne."

Suka tambaye ta ƴar wane ce, ta faɗa. Suka dubi juna, suka fita. Washegari ta zo da kumburarren ido, aikin ubanta. Ba a jima ba aka yi masa canji zuwa can arewa mai nisa. Mushe ya dawo a rame, kai a aske, ya buɗe littafi ya ci gaba da karanta mana kamar bai san mu ba.

Ranar da su ƙawata za su tashi na je gidansu, ana ɗaure kaya. Na ja ta gefe na ce, "Don Allah, wa ya kai maganar?"

Ta daɗe tana naɗe tabarma. "Ni na ba da labarin a gida muna cin tuwo, don na ga kin iya wasa. Ban faɗi sunanki ba. Ban san akwai baƙi a zaure ba."

Na ci jarrabawata, mahaifina ya ci gaba da tuƙi. Amma ƴar jandarma ce fa, ta fi ni sanin irin baƙin da ke zama a zaurensu. Ko ta sani, ko ba ta sani ba, ban taɓa ganewa ba. Bakin da ya fitar da maganar shi ne ya ce "ni ce", kuma har yau na rasa da wanne zan tuna ta. Ni dai in aka yi mini tambaya cikin mutane, ko da ta kuɗin tumatir ce, taga nake fara dubawa.