Sunan da Faransawa suka sa wa Inna

Yau a ajin Faransanci a jami'a, Madam ta ce kowa ya gabatar da mutanen gidansu. Da na zo kan Inna sai na tambayi Madam kalmar da zan kira ta da ita. Matar babana ce, amma ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyata.

Madam ta ce, "Belle-mère ake cewa."

Na koma gida unguwarmu Banifandu, na iske Inna tana tankaɗe. Na ce, "Inna, kin san yadda Faransawa ke kiran ki? Kyakkyawar uwa."

Ta yi dariya, ta karkaɗe garin hannunta. "Kyawu ai ya tafi tuni, Rabi. Bar mini uwar, ta ishe ni."

Gobe mère kawai zan ce, wato uwa, ko Madam za ta rage mini maki.

Ku fa, me kuke kiran wadda ta raine ku?