Shirun Auta

Shekarun baya, shekarar da soja suka karɓi mulki aka rufe iyaka, shirun ƙanena ya kusa jawo mana abin da har yau ban manta ba.

Shi ne auta a ɗakinmu, ni na raine shi bayan rasuwar mahaifiyarmu. Lokacin yana jami'a a Damagaram, ni kuma ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko ta yara, a nan Matameye. Ba zan ɓoye muku ba, na ishi mutane da labarinsa. Ko gishiri na je saye sai na san yadda na yi na ce ƙanena yana bincike. In aka ce binciken me, sai in gyara mayafi in ce, "Yadda intanet ke haɗa jama'a, da yadda take raba su." Ni kaina ban gama gane abin ba.

Mazan garinmu da ma guruf ɗaya gare su a waya, na gida da masu cin rani a Kano da Kaduna da Legas. Nan ake sanar da suna da rasuwa da farashin hatsi. Da aka yi juyin mulki sai abu ya ɓaci. Na gida suka ce na waje suna zaune lafiya a ƙasar da ta yanke mana wuta. Na waje suka ce na gida suna ta yi wa soja tafi alhali ciki ba komai. Aka yi zage-zage har da iyaye, guruf ya tsage biyu. Maigidana yana Kano, yana cikin na biyun, ko ni da shi in ya kira ba ma taɓa zancen.

Wannan tsagewar Auta yake nazari. Ya nemi izinin shugabannin guruf ɗin, aka sa shi cikin duka biyun. Malaminsa kuwa ya kafa masa doka: ya saurara kawai, kada ya sa baki. Ba sallama, ba amin. Wai in ya yi magana ya taɓa abin da yake aunawa.

Ga damina ta yi gardama. An yi shuka, ruwa ya ɗauke, hatsi ya tsaya iya gwiwa yana naɗewa. Mutanen ƙauyukan Tsauni da Kurni suna kawo awaki kasuwa ba mai taya su. An fita roƙon ruwa an dawo da rana a ka. Samarin fada, masu zaman majalisar shayi, su kuma sun ɗaure igiya a bakin gari suna leƙa motoci, wai neman maƙiyan ƙasa. Kowa zuciyarsa a wuya take.

Cikin wannan hali ƙanen telan bakin tasha ya rasu a Kaduna, wurin aikin gini. Zazzaɓi ne. Can aka rufe shi, ba wanda ya samu zuwa daga gida. Abokin Auta ne tun suna ajin farko, benci ɗaya suke zama. Da Auta ya kira ni kuka ya hana shi magana. Ya ce irin wannan gaisuwar ba ta waya ba ce, da ƙafarsa zai zo. Sai jarrabawa ta riƙe shi. Da ya iso gida kuma kunyar latti ta kama shi, kullum sai ya ce gobe.

Goben ba ta zo ba, wata safiya maƙwabciyata ta faɗo mini gida ko sallama babu, ta miƙo waya. Hoton Auta ne, an zagaye fuskarsa da jan layi. Ƙarƙashinsa saƙon murya.

"Jama'a, ku dubi wannan fuskar da kyau. Yana wancan guruf, yana wannan. Duk abin da muka faɗa yana ji, bai taɓa cewa uffan ba. Ku tambaye shi wa yake kai wa."

Na san muryar. Telan ne, mutumin da ke ɗinka mini kayan salla. Na zauna a kan turmi.

Kafin azahar magana ta yi 'ya'ya. Wai Turawa ke biyansa. Wai yana da na'ura mai nuna gidajen mutane. Wata ma cewa ta yi na'urar ce ke kora hadari in ya haɗu. Yanzu kuna dariya, ni ranar ban yi ba, don na ga masu hankali suna gyaɗa kai. Sai ga kiran maigidana daga Kano.

"Me yaron nan ya yi? A nan cewa ake sunayen masu sukar soja yake tarawa, in mun dawo a kama mu."

Mutanen da suka yi watanni ba su yarda da juna a kan komai ba, ranar bakinsu ya zo ɗaya a kan ƙanena.

Mai ga-ruwa ya wuce ƙofarmu kamar bai ji kirana ba. 'Yan kabu-kabu suka riƙa tsayawa a bakin zaure, su murza babur, su tafi. Ɗaya daga cikinsu, yaron da na koya wa baƙi da hannuna, ya ɗaga murya ya ce, "Madam, ki gaya masa in an sauko daga Juma'a muna zuwa. Shi da na'urar tasa."

Na san abin da taro ke yi wa mutum in an riga an kira shi maci amana. Tsoro ya sa na yi abubuwan da ba na so ɗalibaina su ji. Na tura kwamfutarsa cikin buhun dusa. Na ɗauko babban hijabina na ce ya sa, a fitar da shi zuwa ƙauyen Yauri nan kusa, wurin gwaggonmu. Ya dubi hijabin, ya dubi ƙafafunsa masu kama da faranti.

"Yaya, wace mace ce ke da wannan ƙafar? Kuma in na gudu, ai na amsa laifin ke nan."

"To zauna su zo su fasa maka kai, sai ka rubuta shi cikin binciken!"

Ya yi shiru. Shirun nan nasa ya fi komai ba ni haushi.

Ranar Juma'a da hantsi na yafa mayafi na nufi gidan telan. Ban san me zan ce ba, na dai ƙudura ko durƙusawa ce zan yi. Sai da na kai lungunsu na waiga na ga Auta a bayana. Na ce ya koma, ya ƙi. Mutane suna zaune a gindin bango suna binmu da ido, ba wanda ya amsa mana sallama.

A tsakar gida muka tarar da mahaifiyar telan a kan tabarma. Tsohuwa ce, idonta ya daɗe da tafiya. Waya na kan cinyarta, muryoyin maza na fita ɗaya bayan ɗaya: Allah ya jiƙansa, Allah ya ba da haƙuri. Telan ya fito daga ɗaki, ya ga Auta, fuskarsa ta haɗe.

Na ce, "Don girman Allah, me yaron nan ya yi maka?"

Ya nuna tsohuwar. "Madam, Inna ba ta ga gawa ba, ba ta san inda kabarin yake ba. Abin da ta samu ke nan, muryoyin nan. Da aka yi rasuwar, na gida da na waje duk suka ajiye faɗa suka yi gaisuwa. Har wanda ya zagi ubana ya yi. Kullum sai na kunna mata, tana gane kowa. Kullum kuma sai ta ce, ina abokinsa ɗan lakwal, ban ji shi ba." Ya juya ga Auta. "Na duba. Waya tana nuna wanda ya saurari saƙo. Kana cikin na farko da suka ji sanarwar. Ka ji, ka yi shiru. Na ce wanda zai ji mutuwar abokinsa bai ce amin ba, ba don mu yake zaune cikinmu ba."

Auta ya buɗe baki, na tabbata dokar malaminsa zai kawo. Na taka masa ƙafa.

Tsohuwar ta ɗaga kai. "Wa ke nan? Ɗan lakwal ne?"

Ya durƙusa a gabanta. Ta lalubo kansa, ta shafa har kunne. Ya fara yi mata gaisuwa, ta tsayar da shi.

"A'a. Faɗa cikin abin nan, in riƙa ji tare da na sauran."

Ya dube ni. Ni da shi mun san in ya yi magana a guruf, aikin da ya daɗe yana tarawa ya tashi. Nesa kuma an fara kiran salla na farko. Telan ya danna wayar ya kai masa baki.

Ba wata doguwar magana ya yi ba. Ya yi sallama, ya ce shi ne wane ɗan wane. Ya ce mamacin shi ke raba masa ƙosai a lakwal ranar da bai zo da komai ba. Daga nan murya ta karye, sai kuka, da ƙyar ya kai ga Allah ya jiƙansa. Telan ya tura saƙon yadda yake, da kukan da komai. Sannan ya kai wayar bakinsa ya ce, "Amin."

Bai ce ya janye maganarsa ba, bai ba da haƙuri ba, har yau. Amma shi ya riƙe hannun Auta suka tafi masallaci, suka ratsa ta gaban 'yan kabu-kabun. Ni na koma gida, ina zaure ina jiran ihu. Aka sauko, ba wanda ya zo. Da la'asar maigidana ya kira ya ce saƙon ya iso wajensu, ana ta amin.

Malamin ya ce Auta ya shiga cikin abin da yake nazari, sai ya sake daga farko. Ya sake, ya gama, yanzu shi ma koyarwa yake. In na tambaye shi, to intanet ɗin haɗawa take ko rabawa, sai ya ce amsar tana da tsawo. Ni dai abin da na gani, waya ɗaya ce ta kai hotonsa ta kuma kai kukansa, kuma mutane ɗaya ne suka tura duka biyun.

Tsoron bai sake ni ba. Hoton nan mai jan layi yana nan cikin wayoyin da ban sani ba, bara ma wata ta turo mini tana tambaya ko gaskiya ne. Shi ya sa in aka sanar da rasuwa a guruf, ko tuwo nake tuƙawa sai in saki muciya in yi gaisuwa tukuna.

Tsohuwar ta rasu bayan damina biyu. Matar telan ta ce mini har ƙarshe, in an kunna mata muryoyin aka zo kan ta Auta, sai ta ce a maimaita.