Tukunyar da Farfesa Safiya ta daina wankewa

Duk Gwale an san Safiya da tsafta mai takura wa mutane. Tun tana yarinya, in ka ajiye kofi ka waiwaya, sai ka tarar har ta wanke shi. Mahaifinta, Malam Abdulbaqi, marini ne, shekara hamsin yana kan rijiyar rini guda. 'Ya'yansa maza duk sun tsere kasuwar waya, ita kuwa ba a koya mata ba, don mace ba ta zama a marina. Sai ta bi boko. Ta karanci kimiyyar sinadarai, ɓangaren abin da tsirrai ke samarwa, ta yi bincike kan lalle da bagaruwa har ta zama farfesa.

Abu ɗaya ya tsaya mata a rai. Tsohon ya fara cewa ran da ƙarfinsa ya ƙare a cike rijiyar da ƙasa, tunda ba magaji. Safiya ta ci alwashin haɗa irin shuninsa a ɗakin gwajinta, ta rubuta yadda ake yi, kafin ranar ta zo.

Shekara biyu tana fama. Ganyen baba, tsiron da ake haɗa shuni da shi, a wurinsa ta karɓa, toka ma tasa ce, komai sai ta auna a sikeli. Amma ruwan ya ƙi nuna. Ƙyalle ya shiga fari ya fito kamar an ɗauraye shi da bula. Ɗalibanta har sun laƙaba wa haɗin suna kunun Farfesa.

Da abin ya ishe ta, ta ɗauko tsohon a mota. Ya leƙa tukunyar haɗin, ya sansana, ya tsoma yatsa ya lasa. Ɗalibai suka dafe kai.

"Safiya, wa ke wanke wannan?"

"Ni ce, Abba. Kafin kowane haɗi, da sabulu da tafasasshen ruwa."

Ya yi dariya har da tari. "Rijiyata tun zamanin kakanki ba a taɓa ƙwalƙwale ta ba. Tsohon ruwan da ke gindi shi ke tayar da sabo. Ke kullum sai ki kore shi!"

Kunya ta rufe ta. Ƙananan halittun da ke ruɓar da ganyen a tsohon ruwan suke zaune, kuma da bakinta ta sha koyar da haka a aji.

Washegari ya aiko mata da galan guda na tsohon ruwa daga gindin rijiyarsa, ta zuba a sabon haɗi. A kwana na tara kumfa ta taso, wari ya kori maƙwabtan ofis. Ƙyalle ya fito kore, iska ta buge shi, ya rikiɗe shuɗi sosai. Safiya ta cire safar hannu ta tsoma hannayenta duka biyu, kuma a karon farko a rayuwarta ta tafi gida ba ta wanke ba.

A zaure ta sami mahaifinta. Ya kama hannayen ya jujjuya, ya ajiye su kusa da nasa, duk shuɗi iri ɗaya. Sannan ya ɗaga murya ya kira babban ɗansa.

"Salisu! A bar maganar ƙasar nan. Rijiya ta samu mai ita."